Ta'aziyyar da Muka Kai Riruwai

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da wata Lahadi ta tsakiyar damina, can wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin ina aikin malamin gona a Tudun Wada. Yanzu furfura ta gama cin kaina, amma duk sanda ranar nan ta faɗo mini a rai sai kunyarta ta dawo mini sabuwa fil, daga baya kuma in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai.

A wancan zamanin muna da 'yar ƙungiyarmu ta masu sha'awar rediyo. Ba irin ta masu aika katin gaisuwa gidan rediyo ba ce. Tamu ta masu na'urar nan ce da za ka yi magana a ji ka daga nesa, kai ma ka ji amsa, wadda mutanen gari ke kira oba-oba. Ba mu da yawa. Mu huɗu ne kawai muke da lasin da na'ura: ni a Tudun Wada, wani malamin makarantar koyon sana'a a Bagauda, wani Alhaji a Kiru da ya yi ritaya daga gidan waya, sai wani dattijo a Riruwai da dukkanmu muke kira Baba. Sauran 'yan ƙungiya, na Bebeji da kewaye, sukan hau keke ko babur su taru a gidan wanda ya fi kusa da su.

Kowace Lahadi da ƙarfe takwas na safe muke haɗuwa a iska. Kowa ya jona batirin mota, ya murɗa zuwa zangon da muka saba. Alhaji, da yake shi ne shugaba, shi ke buɗe taro da sallama, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi yadda yake jin 'yan'uwa da yadda ruwa ya yi a yankinsa. Daga nan sai a ba ni fili, don ni ne magatakarda, in karanta labaran mako: wanda ke shirin jarrabawar lasin, wanda iska ta kayar masa da eriya yana neman a taya shi ɗagawa, inda za a yi taron wata, tashar nesa da wani ya kama, har da haihuwa da aure da rashin lafiya. Ina son aikin nan ƙwarai. Kuma tunda gaskiya na zauna faɗa, ina da wani hali a lokacin: ba na so wani ya riga ni kawo labari.

Baba kuwa tun zamanin Turawa yake aikin rediyo a kamfanin haƙar kuza. Shi ya koya wa yawancinmu yadda ake auna wayar eriya, da yadda ake aika saƙo da ɗan maɓallin nan mai ƙwas-ƙwas. Shi da Alhaji suka kafa ƙungiyar, aminai ne na shekara da shekaru. Sai dai wata rana a wajen taro a Bagauda gardama ta haɗa su. Baba ya ce kada a ba sabon shiga makirfo sai ya iya maɓalli. Alhaji ya ce zamani ya wuce nan, ya ƙara da cewa wasu tsofaffi so suke a yi ta zama a ramin kuza har abada. Aka yi dariya, Baba bai yi ba. Tun daga ranar, kusan shekara biyu, ba su ƙara yi wa juna magana kai tsaye ba. Idan aka zo kan Baba, sai Alhaji ya ce, "Magatakarda, kira mana Riruwai." Shi ma Baba in yana da magana sai ya ce, "Malam, a gaya wa Kiru cewa muryarsu tana rawa." Alhali suna jin juna tangaran.

To, sai aka yi Lahadi biyu a jere ba mu ji Baba ba. Na kira, na sake kira, ba komai sai shuuu. Ba mu damu sosai ba, don da damina batiri kan yi sanyi, hanya ma takan yanke.

Ranar Asabar da yamma na je tasha karɓar saƙon maganin feshi, sai na haɗu da wani direba mai jigilar Riruwai. Ya san ni, ya san abin da muke yi. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ashe mai rediyon nan namu na Riruwai lokaci ya yi. Jiya bayan Juma'a aka kai shi."

Na ce, "Dattijon nan?"

Ya ce, "Shi fa. Ai ya kwana biyu ba a ganinsa."

Motarsa ta cika, ya ja ya tafi. Ni kuma na haɗa shirun mako biyu da maganar direba, na yanke hukunci. Ban tambayi suna ba, ban tambayi unguwa ba. Na koma gida da hawaye, na rubuta sanarwa a saman takardar labarai.

Washegari da Alhaji ya ba ni fili, na danna makirfo na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yan'uwa, Allah ya yi wa Babanmu na Riruwai rasuwa, an yi jana'izarsa shekaranjiya."

Na saki makirfo. Can malamin Bagauda ya shigo ya yi addu'a, muna jin mutanen da ke ɗakinsa suna amsawa da amin. Sai na ji an danna daga Kiru. Da farko numfashi kawai muke ji. Da Alhaji ya fara magana, ban gane muryarsa ba.

Ya ce, "Jama'a, ku shaida. Ni na yi wa mutumin nan laifi. Na ci masa fuska a gaban yaran da ya koyar. Ranar da na fara harkar rediyo ban san komai ba, shi ya zaunar da ni ya koya mini, bai taɓa gaya wa kowa ba. Sau uku ina shirya tafiya Riruwai in ba shi haƙuri, girman kai yana mayar da ni. Kullum ina cewa sai bayan damina. To, ga bayan daminar nan." Daga nan kuka ya ci ƙarfinsa, ya manta bai saki makirfo ba. Mun daɗe muna jin dattijo yana shessheƙa, ba mai ikon katse shi.

Da ya natsu, muka shirya a nan take. Zai fito da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ɗauki na Bebeji da na Bagauda, su same ni a Tudun Wada, mu isa Riruwai kafin azahar.

Tafiyar ta yi mana tsawo. An yi ruwa da asuba, daji ya yi kore shar, shanun Fulani suna ta tsallaka titi. Bayan mun wuce Doguwa mun bar kwalta, motar ta kafe a wani kwazazzabo, sai da wasu makiyaya suka taya mu turawa. Ina gaba kusa da Alhaji, har muka hango duwatsun Riruwai bakinsa na ta motsi da addu'a.

Gidan Baba yana gindin dutse, ana gane shi daga nesa da dogon goran da ya ɗaura wa eriya. Da muka tsaya, muka ga an share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, ga butoci a jere. Muka ce wurin zaman makoki ke nan. Abin da ya ɗan ɗaure mini kai shi ne babu kowa a kan tabarmin, ga kuma ƙamshin miya yana tasowa daga cikin gida. Muka tuɓe takalma, Alhaji ya yi sallama da dasasshiyar murya.

Aka amsa daga zaure. Sai ga Baba ya fito, da farar rigarsa da tabaransa, yana dogara sanda.

Ya ce, "Sannunku da zuwa. Kun makara. Ai na ji kun ce kafin azahar za ku iso."

Malamin Bagauda ya ja da baya har ya yi tuntuɓe da buta. Ɗaya daga cikin mutanen Bebeji ya kama salati da ƙarfi. Alhaji kuwa ya zauna daɓas a ƙasa, ba ma a kan tabarma ba. Ni dai na tsaya kamar an dasa ni, ina jin da ma ƙasa ta tsage in shige.

Sai da muka sha ruwa Baba ya yi mana bayani. Mako biyu da suka wuce tsawa ta faɗa kusa da gidan, ta ƙona ɓangaren na'urarsa mai aika magana, ta bar ɓangaren da ke kamawa. Wato yana jinmu sarai, mu ne ba ma jinsa. Wanda ya rasu kuwa wani dattijo ne mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, shi mutanen gari ke kira mai rediyo.

Ya ce, "Ina zaune da kokon kununa na ji ana sanar da mutuwata. Na danna abin nan har babban yatsana ya yi ciwo, ina ta cewa ga ni, ga ni. Uwargida ta leƙo ta ce wa ya mutu, na ce ni ne. Da na ji kun ce kuna tafe, na ce to a ɗora tukunya, baƙi dai baƙi ne."

Ya juya wajen Alhaji, wanda har lokacin kansa ke sunkuye. Ya ce, "Alhaji." Karo na farko ke nan da ya yi masa magana kai tsaye cikin shekara biyu. "Na ji abin da ka faɗa. Duk na ji."

Alhaji ya share fuska da hannun riga ya ce, "Da na san kana ji, wallahi da ban iya faɗa ba."

Baba ya ce, "Na sani. Ni ma da bakina yana aiki, da na katse ka tun kafin ka kai rabi. Shi ya sa Allah ya rufe mini baki ya bar mini kunne." Ya miƙa masa hannu. "Tashi daga ƙasa. Na yafe tun da safe. Ni ma ka yafe mini, taurin kaina ya fi naka."

Muka ci tuwon masara da miyar kuka, ana ta dariya, har na fara jin kamar kuskurena ya zama alheri. Ban san da sauran magana ba.

Bayan la'asar wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata ta fito da goyo a bayanta, mayafinta yana jan ƙasa, idanunta sun kumbura. 'Yar Baba ce da ke aure a Zariya. Ashe mijinta yana da rediyon da ke kama zangonmu, kowace Lahadi sukan kunna don ta ji muryar mahaifinta. Ta ji sanarwata da kunnenta, ta fito ko abinci ba ta ci ba, ta yi ta canjin mota tana kuka. Da ta ga Baba zaune a tsakiyarmu, sai ta yi ƙara ta sulale. Da ƙyar mata suka kama ta suka shiga da ita ciki.

Da ta dawo hayyacinta ta fito gaishe mu. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne mai karanta labarai ko? Na gane muryar." Ba ta ƙara komai ba sai, "Allah ya kiyaye gaba." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Baba ya ja ni gefe, bayan zaure, inda ba mai jinmu. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Wani direba, Baba."

"Ya faɗi sunana?"

Na ce a'a.

"Ka tambaye shi?"

Nan ma na ce a'a.

Ya ce, "Ɗana, in ka yi magana a zaure, mutanen zaure ne suka ji. In ka danna abin nan, ba ka san iyakar inda ta sauka ba, kuma ba ka da hanyar bin ta ka dawo da ita. Shi ke nan, ya wuce." Sai ya ɗaga murya ya ce da sauran, "Ku tashi. Ta'aziyya kuka kawo garin nan, ba za ku koma da ita ba. Akwai masu ita."

Ya shige gaba muka bi shi har gidan mai gyaran rediyon. Ba mu taɓa saninsa ba, amma muka zauna da 'ya'yansa muka yi masa addu'a. Babban ɗansa ya yi ta mamakin yadda mutane suka taso tun daga Kiru da Bebeji saboda mahaifinsa. Ba wanda ya gyara masa zance.

A Riruwai muka kwana. Da safe Alhaji ya naɗe na'urar Baba a bargo, ya ɗora ta a kujerar gaba, ni na koma baya. Shi da malamin Bagauda suka yi mako uku suna fama da ita har ta tashi, kuma Alhaji da kansa ya mayar da ita. Ni kuwa Lahadin da ta biyo baya, kafin kowane labari, na janye sanarwata, na faɗi yadda aka yi ba tare da na ɗora wa direba laifi ba, na nemi gafarar duk wanda ya ji. Na so in ajiye aikin magatakarda, dattawan biyu suka haɗa baki suka hana.

Baba ya ƙara shekaru masu dama a duniya. Ranar da ta Allah ta kasance da gaske, sai da na je Riruwai, aka yi masa sallah da ni, na sa hannu a ɗaukar makara, sannan na dawo na karanta sanarwa.

Abin da ranar nan ta koya mini bai tsaya a rediyo ba. Har yau in aka kawo mini labari, musamman mai nauyi, sai na tambayi wane ne, a ina, wa ya gani da idonsa, ko da za a riga ni faɗa. Gara a ce na makara da a ce na sa 'yar wani kuka a banza. Sannan duk wanda nake da kyakkyawar magana a kansa, ko haƙurin da ya kamata in ba shi, ba na ajiyewa sai an shimfiɗa tabarmin makoki. Alhaji ya yi sa'a, nasa mamacin yana sauraro. Ba kowa ke samun irin wannan ba.