Malam Iliya, Tana da 'Yata

Duk wanda ya san Malam Iliya ya san ba a tafiya da shi bayan ruwan sama. To a Manchester yaushe ne ba bayan ruwan sama ba? Ku kamo hanyar masallaci tare, ka waiga, babu shi. Yana can baya a durƙushe gefen Stockport Road da babbar rigarsa, yana tsince tanar da ta fito kan siminti yana mayar da ita cikin ƙasa, kar a taka. Na rasa jam'i da yawa saboda tana.

Kun ce in faɗi wani abu a wannan zama na tunawa da shi, tunda ni ne maƙwabcinsa. Zan faɗa. Amma ku sani, mutumin nan ƙwace mini 'ya ya yi.

Ni ban yi boko ba. Na tsallake sahara, na wanke kwanukan Turawa har fatar hannuna ta mutu, na raini Hauwa ni kaɗai bayan rasuwar uwarta. In na yi mata magana, amsar ba ta wuce "yeah". Amma ta shiga gidan Malam, sai in jiyo ta ta bango tana zuba Hausa kamar 'yar Zariya. A kan me? Katantanwa.

Wani Bature mai dogon gemu ne ya ja mana, wanda ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Malam ya ce mutumin ya zaga duniya a jirgin ruwa yana kallon tsuntsaye, ya dawo ya ce duk masu rai dangin juna ne, ya ƙare rayuwarsa yana leƙen tana a bayan gida. Malam ya ɗauke shi abin koyi, har da tanar. Liman ya taɓa jan sa gefe a kan maganar. Malam ya ce, "Allah ne ya yi, Liman. Ni leƙe kawai nake yi in ga yadda ya yi."

Wata Asabar ya ja Hauwa wurin mahauci a Longsight. Ya sa aka ɗauko fiffiken kaza, ya shimfiɗa hannunsa kusa da shi a kan katako, yana nuna mata wai ƙasusuwan iri ɗaya ne. Layi har bakin titi. Mahaucin ya gaji, ya ɗaga wuƙa ya tambaya wanne zai sara. Malam ya ce na kazar, ya fi tsoka.

Da ta samu uni, wato jami'a, a Birmingham, a bakin Malam na ji. Shi ta fara faɗa wa. Ranar kai ta, ya fito da kwandon tattabarun da yake kiwo, wai zai sake su a can ya ga ko za su gane gida. Ya ce iskar gaba ta fi musu. Haka na tuƙa mota ni da tattabaru a gaba, shi da 'yata a baya suna dariya.

A ƙofar gidan da ta kama a unguwar Erdington ya sake su. Hauwa ta riƙe hannun rigarsa tana kuka, tana Kawu, Kawu. Ni kuwa cewa ta yi in yi tuƙi a hankali. A dawowa na ɓata hanya a gadojin nan masu kama da hanjin akuya. Muka iso muka tarar da tattabarun a kan rufi, har sun huta.

Malam ya dube ni. "Ka gani, Garba? Su ma fa ba su yi boko ba."

Ban sake yi masa magana ba sai da Sallah.

Kowace Lahadi tana kiransa a waya. Ina zaune da tawa wayar a hannu, ina jin dariyarsa ta bango. Ban taɓa faɗa masa ba, amma na sha fita in zaga layinmu har su gama.

Lahadin da ta biyo bayan jana'izarsa, wayata ta yi ƙara. Hauwa ce. Ta ce, "Baba, na ga wani abu yau, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa."

Na ce ta faɗa.

Ta daɗe tana bayani, da Hausa, a kan katantanwa. Ban gane komai ba. Na yi ta cewa to. Na san kiran ba nawa ba ne, amma ban ajiye ba, kuma har yau tana kira.

Allah ya jiƙan Malam Iliya, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa. Ya yafe masa, ni ma na yafe.