Mai Suturta 'Yan Wuta

A wata ma'ajiyar littattafai da ke unguwar Al-Sulay a ƙasa mai tsarki, Talha direba yana jiran a loda masa kwalaye, sai idonsa ya faɗa kan wani dattijo Bahaushe a lungu. Aikin dattijon ɗaya ne: duk littafin da ya shigo daga waje, ya bi hotunansa da baƙin alƙalami mai kauri ya rufe tsiraici.

Ga shi nan zaune, tumbi ya tokare tebur, gemu jajir da lalle, alƙalami a dama, hagu tana yagar kaza cikin shinkafa. A gabansa kuwa wata tsohuwar waƙar Turawa ce, da zanen gidan azaba: mutane tsirara sun cika rami, macizai sun nannaɗe su, wani ya kafa haƙora a ƙeyar ɗan'uwansa. Dattijon yana lasar yatsa, yana sa wa wannan wando, yana ɗaura wa waccan zani, maiƙo na ɗiga a fuskar wanda ake ƙonawa. Har da gyatsa.

Talha ya matsa kusa yana tunani. Wataƙila karatu ne ya kawo mutumin nan ƙasar, har ya taɓa kuka da ayoyin azaba.

"Baba, wuta fa aka zana. Ko gabanka bai faɗi ba?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Yaro, tsiraici maigida ya ce in rufe. Wuta ba ta cikin aikina."

Ya buɗe shafi na gaba, ya danne shi da ƙashin kaza.