Kawu Sale da Shokozobar 'Yan Tsere

Duk wanda ya san Kawu Sale bakanike a Gaya ya san ba ya amsa gaisuwarka sai ya gaisa da babur ɗinka. Zai danna sirdin da hannu biyu, ya saki, ya tsura ido ya ga yadda zai taso. Har a gidan suna ya yi wa na liman haka, ya girgiza kai ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai jaki ne, harbi yake."

Mu samarin da ke tsere a burjin Kademi zuwa Balan bayan kaka, shi ke saita mana shokozoba, ƙarfen nan da ke shanye gargadar hanya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ya yi mata alkawarin ba za a taɓa kawo mata ni a karye ba. Alkawarin nan kuwa ya zame min ƙarfen ƙafa.

Ba ya taɓa sifirin ɗin shokozoba sai ya san nauyin mahayi. Ranar kasuwar Ajingi ya tasa ni gaba har rumfar 'yan gyaɗa, ya ce in hau sikelin buhuna. Wani shaƙiyyi har yana tambaya ko ɓararriya ce. Mun dawo, ya gama saiti ke nan, ya tarar da ni na duƙufa a kan kwanon tuwo.

"Tashi mu koma."

"Ina kuma, Kawu?"

"Sikeli. Wanda na auna ba shi ne wannan ba."

Gwajinsa kuma, sai ya ɗaure kwanon kunu a bayan babur ya ratsa kunyoyin gona. In ya zube, a sake kwancewa. Matarsa, Inna Talatu, ta gaji ta ce, "Malam, wai mu nake dama wa ko babur?"

Shekarar da na ci burin zuwa na ɗaya, na matsa masa ya ƙara wa shokozobar tauri don in riƙa tsallake kwazazzabo kamar yadda nake gani a bidiyon waya. Ya ce a gargadar nan tayar baya ba za ta zauna a ƙasa ba, cilli za ta yi da ni. Na ce to zan kai wa wani. Da safiyar ranar tseren na tarar da babur a kan turmi, ba shokozoba. Wallahi a hammata ya tafi da ita filin tseren, ya zauna yana cin rake har aka tashi.

Na daɗe ba na ko kallonsa. Da aka faɗa masa fushi nake yi da shi, sai ya ce, "Ku bar shi. Fushi ya fi ɗori saurin warkewa."

Ranar da ya rasu, mu 'yan tsere ne muka yi ta karɓa-karɓar makararsa har maƙabarta. A hanya na dubi ƙafafunmu, babu mai ɗingishi ko ɗaya, nan kuka ya ƙwace min.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya sassauta masa kwanciyar kabari kamar yadda ya sassauta mana gargada. Amin.