Tsakuwa a Bakin Ragib

Ragib maƙwabcina bai taɓa wata sana'a ba sai ɗaurin ƙwarin ƙarya. Gashin zakara da zare yake naɗawa a ƙugiya, su fito sak ƙwarin da kifin koginmu ke ci, masu fatsa su biyo shi har gida. Zakarun ƙauyenmu duk sun san shi, da ya ɓullo kowanne ke yin ta kansa. Ga faɗan tsiya, ni kaina mun sha kwasa da shi.

Shekarar da gefen dutse ya zabtaro, laka ta binne gindin kogin, ƙwari suka ɗauke ɗif. Ɗan kifin da ya rage daga kai sai ƙaya, in ka farka cikinsa wayam. Ragib ya yi ta juya duwatsun kogin yana duba ko ƙwari sun dawo har gwiwa ta hana shi shiga ruwa. Matarsa ta riga ta rasu, sai ɗansa Nermin ya matsa masa ya koma wurinsu a birnin Sarajevo. Tsohon ya ce in bazara ta zagayo kogin bai farfaɗo ba, zai bi su. Na tausaya masa ƙwarai, amma ban nuna ba.

Ranar da suka zo ɗaukarsa na kamo kifi guda a kogin na kai don cin bankwana. Amra matar Nermin 'yar birni ce, ta tsaga shi sama-sama, ta shafa garin masara ta soya. Lomar farko muka ji ƙaras a bakin tsohon. Amra ta daskare, don ta san halinsa. Ya tofa a tafin hannunsa: ga guntun haƙori, ga wani ɗan kube na yashi da tsakuwa.

"Baba, ka yi haƙuri, ban wanke cikin da kyau ba."

"Allah Ya yi miki albarka da ƙazantar nan taki, 'yata."

Ashe gidan tsutsar ƙwarin nan ne, wadda ke gina wa kanta kube da tsakuwa, kifi kuma ya haɗiye ta da gidanta. Ba ta zama sai inda ruwa ya wanke laka. Kogin ya fara farfaɗowa ke nan.

Ragib ya share jinin bakinsa da bayan hannu.

"Nermin, sauko min da akwatina daga mota. Kai kuma maƙwabci, a wane lungu ka kama shi?"