Kiryar Ɗakin Hindatu

A ƙauyukan da ke kewaye da Urno, in ka shiga ɗakin ƙasa da tsakar rana a bazara ka ji sanyi ya ratsa ka, ɗaga kai ka dubi itacen rufin. In ka ga an jera su gindi da kai, gindi da kai, kaurin wannan yana rama sirancin wancan, to hannun Ɗayyabu ne. Shekara arba'in yana wannan aiki. Ba ya awo da igiya; ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Zai tsaya bakin ƙofa ya ɗan karkata hula, ya ce itace tara, kuma tara ɗin ne.

Yana da doka ɗaya da ba ya karyawa ko don sarki: ɗanyen itace ba ya hawa bango. Sai an binne shi cikin laka a tabki ya yi damina guda, zaƙin da gara ke bi ya fita, sannan a tono shi a jingine a inuwa ya sha rani. Masu gaggawa sun sha zaginsa a kan haka. Su ne dai ke dawowa bayan shekara uku, garin itacen rufi yana zubo musu cikin tuwo.

Abin haushin shi ne, mutumin da ya rufe wa rabin ƙasar ɗakuna, ɗakin matarsa Hindatu yoyo yake. Tun tana amarya ya yi mata alkawarin rufin kirya, itacen da gara ke gani ta canza hanya. Amma duk itacen kirki da ya samu sai wani ya zo da kuka, ko masallaci ya tsage, ko gwauruwa ta rasa wurin kwana, ya ɗauka ya bayar. Hindatu ba ta taɓa yi masa gori ba. Kowace damina tana da ƙwaryar da take tarawa a kusurwar gabas, inda ruwa ke ɗiga.

Shekara biyu da suka wuce iska ta kayar da kiryar gonar mahaifinsa, ta ƙarshe a duk fadamar. Ya je har Madawa ya karɓo izinin ma'aikatan gandun daji, ya fitar da itace biyar daga jikinta, kowanne ya sassaƙe shi da gizago har ya yi santsi. Wannan karon ya rantse ba mai taɓa su. Suka yi daminarsu a laka. Ya tono su ya jera a kan duwatsu ƙarƙashin gawon bakin tabki, ya ɗaure kowanne da kaba. Ko makahon garin ya san ma'anar wannan ɗauri: itacen yana da mai shi. Saura wata guda a hau bango, aka kira shi wajen Allakaye ya rufe wani zaure, ya tafi na kwana takwas.

Cikin kwanakin nan ne Alhaji Ridwan ya gama gidansa na siminti da rufin tol, wato kwano. Ridwan ɗan garin ne, ya yi shekara goma sha biyar a Abijan ya dawo da abin hannu, kuma a ɗakin da Ɗayyabu ya rufe aka yanke masa cibiya. Ya shirya walima, buhun shinkafa shida, sa guda. Masu girki suka ce kara ba zai ɗauki tukwanen nan ba. Sai ya sa aka ɗaura amalanke, shi da kansa ya nuna gindin gawo.

Ba a ɓoye aka yi ba, wannan ne ke ƙona mini rai. Da hantsi amalanken ya ratsa tsakiyar gari, kabar tana lilo a jikin itacen, ya wuce dattawan da ke zaune ƙofar masallacin da Ɗayyabu ya rufe kyauta. Kowannensu ya ga ɗaurin. Babu wanda ya yi ko tari. In baki zai ci, ido yakan ji kunya, kuma ƙamshin naman sa ya riga ya cika unguwa.

Ɗayyabu ya sauko daga mota ranar walimar. Tun daga bakin gari hancinsa ya gaya masa, don hayaƙin kirya ba ya kama da na kowane itace. Bai je gida ba. Ya miƙe zuwa murhun, ya tarar da guntun na biyar yana ci, ga sawun gizagonsa a jiki.

Ya sami Ridwan cikin baƙi, ya ce, "Ridwan, ba ka ga kaba ba?"

"Wallahi Baba na gani. Cewa niy yi tsohon icce na, an manta da shi. Kak ka damu, gobe in aiko maka tol goma daga Madawa, sabo hil. Wa ka ruhin icce yanzu?"

"Tol ɗin ga naka, shekara nawa yay yi cikin ƙasa kahin shi girma?"

Ridwan ya yi dariya, ya duba wayarsa. Dattawan suka shiga cewa a yi haƙuri, ai ba da gangan ba ne, ai yaron ya ce zai biya. Haƙuri! Kullum wanda aka taka ake ba shi, ba a taɓa ce wa mai takalmin ya ɗaga ƙafa ba. Ɗayyabu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda bai kwana ƙarƙashin aikinsa ba. Ya juya ya fita, kuma da tol ɗin ya iso washegari ya mayar da shi a amalanken da ya kawo shi.

Amma a yammacin walimar, yana zaune tsakar gida ya kasa haɗa ido da Hindatu, sai ga babbar tasa daga gidan Alhaji, shinkafa da nama har da ƙashin bargo. Ya ce a mayar. Hindatu ta janyo tasar gabanta ta buɗe.

"A'a, Malam. Shekara talatin da ɗaya ina jiran ɗakin ga. Tunda da shi anka dahwa, bari in ɗanɗana."

Ta kai loma guda, ta tauna a hankali, ta haɗiye da ƙyar. Sauran ta juye wa kaji. Ta wanke tasar tas, ba ta mayar ba, su ma ba su yi ƙarfin halin aikowa a karɓa ba.

Ɗayyabu yana nan, ya haura saba'in, kuma babu sauran kirya a fadamar. Ruwan farko ya sauka bana ranar wata Laraba da la'asar. Hindatu ta tashi ta ɗauke tsohuwar ƙwaryarta daga kusurwar gabas, ta ajiye tasar Alhaji a wurin. Ƙwarya ba ta da ƙara, amma tasa tana da shi, kuma Ɗayyabu yana zaune bakin ƙofa yana jin kowane ɗigo.