Wutar Kaka ta Bayan Danga

Shekarar da gero ya bushe a tsaye a Gangara, ita ce shekarar da aka raba mu da Kaka Ige. Ga yunwa, ga wani ciwo na tari da zazzaɓi da ya shigo yana ɗauke tsofaffi. Babanmu shi ke da amalanken jaki a unguwa, shi ke kwasar marasa lafiya zuwa asibitin Sabon Birni. Don gudun kada ya kwaso wa mahaifiyarsa, sai ya yi mata bukka bayan rumbunmu, wanda dama babu komai a cikinsa, ya kewaye da danga, ya kafa doka: babu mai shiga, har shi kansa. Tuwo ma ta ƙarƙashin danga ake tura mata.

Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Me tsohuwar nan ta yi aka ɗaure ta? Ita kuwa ba ta fasa tatsuniya ba. Da an idar da magariba za ta hura wutarta ta busasshen kashin shanu, mu tsuguna ta wannan gefe muna hangen jan garwashi ta kafar kara. Mu ji ƙaurin hayaƙi, amma ɗumin ba ya iso mu.

"Ina mijina mai ƙaton ciki?" Ni take nufi. "Kun lashe akushi? To ku ara mini kunnuwa."

Tatsuniya ɗaya ta riƙe a lokacin. Wai wani saurayi ya tafi ɗebo wa uwarsa wuta a maƙwabta, ashe gidan aljanu ya faɗa. Suka ba shi, amma wutar ta ƙi zama a kasko, ta koma tafin hannunsa. Ba ta ƙona shi, sai dai duk abin da ya taɓa ya kama. Ya dawo ya tsaya ƙofar bukkar uwar, tana ciki tana rawar ɗari, tana kiran sunansa.

Daga nan ne Kaka ke rikita mu. Yau ta ce ya shiga, bukka ta kama, uwar ta ƙone. Gobe ta ce ya ƙi shiga, sanyi ya kashe ta tana kira. Na taɓa yin fushi na ce, "Kaka, kin cika ruɗu! Wanne ne na gaskiya?"

Ta yi dariya har da tari. "Ni mi na sani? Ku tambayi ubanku, ga shi nan bayan rumbu shina saurare."

Muka waiga. Da gaske yana nan tsaye, hannunsa a baya. Sai ya juya wajen jakinsa. Ciwon ya wuce bai taɓa Kaka ba. Amma ta rasu a bukkar nan kafin a cire danga, ta kwanta ne kawai ba ta tashi ba.

Na girma ina ɗauka tsufa ne ya sa take manta ƙarshen labarinta. Sai da korona ta zo na gane ba haka ba ne. Lokacin ina tuƙin motar haya tsakanin garin Isa da Sakkwato, kullum cikin numfashin mutane, ga Baba ya tsufa yana fama da ƙirji. Na daina shiga ɗakinsa. In kawo cefane in ajiye a bakin ƙofa, in gaishe shi ta bayan asabari, in koma Isa in kwana. 'Yan uwa suka ce na zama bature, wasu suka ce ciwon ma babu shi. Ni kaina wata rana in ga na kyauta, wata rana in ji kunya kamar in nutse.

Wata la'asar na kasa haƙuri. Na tsuguna nesa da ƙofa na ce, "Baba, tatsuniyar Kaka ta mai wuta a hannu, da kai take ko?"

"Da ni take," in ji shi daga ciki. "Ciwo bai kama Inna ba, wanga gaskiya na. Amma har ta cika ban riƙa hannunta ba."

"To ni ya za ni yi? In shigo, ko in tsaya nan?"

Ina jin ƙarar tasbaharsa, ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙasan asabari, sun rame.

"Ɗana, tun waccan shekara nike biɗar amsa, ban samu ba." Ya yi tari. "Matso dai kaɗan, ba ni jin ka da kyau."

Na ja jiki na matsa. Har yau ban sani ba ko na wuce inda ya kamata, ko ban kai ba.