Surukina a Kujerar Dama

Jirgin da na saya, in ka gan shi a rumfa cikin ’yan’uwansa, sai ka ce a-daidaita-sahu aka yi wa fukafukai. Kujera biyu gare shi, farfela ɗaya a hanci, kuma ya girmi babbar ’yata. Na saye shi a hannun wani Bature da kwangilarsa ta ƙare zai bar Doha, lokacin ko tawadar lasisina ba ta gama bushewa ba. Ni injiniya ne a kamfanin gas, na saba da manyan injina masu ruri, don haka na ɗauka wannan ɗan mitsitsin ba zai ba ni wahala ba. Ya kuwa ba ni. Zafin ƙasar nan ba ya barin roba ta yi ƙarko. Yau tiyon mai ya tsage, gobe robar da ke riƙe kafireta ta bushe tana zuƙar iska. Duk Asabar ina can filin ƙananan jirage da ke arewa da gari, gaba da Lusail, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, makanike mai lasisi yana tsaye a kaina yana duba abin da na ɗaura.

A Kano kuwa labari ya sake kama. Cewa ake yi mijin wance ya sayi jirgin sama, ba wanda ya tambayi girmansa.

Ana haka surukina ya biyo ta wajenmu daga Umara. Babban ɗan kasuwar yadi ne, mutum mai jiki da cika ido, wanda in ya zauna a falo sai yara su rage murya ba tare da an ce musu komai ba. Tun da na auri ’yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa ce tsakaninmu, a durƙushe, sai in tashi in ba shi wuri. A makon ne na gama sauya robar kafiretar, na yi kewaye ɗaya ni kaɗai, komai lafiya, har na yi wa maiɗakina alkawarin mako mai zuwa zan ɗaga da ita ta ga teku daga sama.

Ta bakinta saƙon ya iso, kamar yadda saƙonsa yake iso mini kullum. Mun dawo daga shan iska a Corniche, bakin teku, ta tare ni a kicin ta ce Baba yana so ya shiga jirgin kafin ya koma gida.

Ƙaramin jirgi yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Nauyin matuƙi, nauyin fasinja da na man da ke tanki, duk sai an haɗa an ga ba su wuce iyakar ba. A filin jirgi ba tambayar da ta kai “kilo nawa ne kai?” sauƙi, ana yi wa kowa, mace da namiji. Amma in dubi surukina in tambaye shi kilo nawa ne shi? Na roƙi maiɗakina ta tambayar mini, ta yi mini kallon wanda ya zagi gidansu, ta ce Baba ne fa. Na ɗauko sikelin banɗaki na ajiye a ƙofar ɗakinsa ko Allah zai sa ya taka in leƙa. Da safe na tarar ya jera takalmansa a kai. Har a kasuwar Abu Hamour, muna sayen albasa, na kama kaina ina kallon buhu ina kallon bayansa ina kwatantawa.

Daga ƙarshe na yi kirdado, na ƙara wani abu a kai, na rage man tanki ya zama na ɗan kewaye da rara. Lissafin ya fita, amma da ƙyar, kuma da sharaɗin mu tashi da sanyin safiya. Iska in ta yi zafi takan yi sakayau, fukafukai ba sa samun abin kamawa sosai, injin ma ƙarfinsa ya ragu.

Na ce da maiɗakina ana idar da Asuba za mu fita. Aka idar, Baba ya zauna lazimi har rana ta fito. Ya shafa addu’a ke nan aka buga ƙofa. ’Yan Kano ne masu aikin gadi da tuƙi, sun ji yana gari, sun zo gaisuwa kafin su kwanta daga aikin dare. Aka kawo shayi, aka kawo kunu, aka shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da makullin mota, ina kallon hasken rana yana hawa bango. Ba a cewa suruki ya yi sauri. Lokacin da muka hau hanya kwalta har ta fara yin ruwa-ruwa daga nesa.

A rumfa makanike ya dubi Baba, ya dube ni, ya ja ni gefe ya tambaya ko na yi lissafi. Na ce khalas, an gama, na yi. Ban yi ƙarya ba, amma ban gaya masa kirdado ne ba.

Baba cikin babbar riga ya zo, fara ƙal, ta sha aiki. Na san yadin zai iya kama sandar tuƙi, na kuma san ba zan iya cewa ya cire ba. Sai na taimaka masa ya hau kujerar dama, na tattara rigar da hannuna na cusa ƙarƙashin bel na ɗaure. Ban taɓa kusantarsa haka ba. Da ya zauna, na ji jirgin ya ɗan kwanta ta gefensa, ya kwanta fiye da yadda na zata. Maiɗakina tana tsaye bakin shingen waya da yara, suna ɗago mana hannu.

Malamin da ya koya mini tuƙi yana da doka guda da yake nanatawa har ta gundure ni. Kafin ka taka titin tashi, ka zaɓi alama a gefensa. In ka iso alamar allurar gudu ba ta kai inda ya kamata ba, ka janye totur ka taka burki, kada ka tsaya shawara da zuciyarka. Alamata a wannan filin ita ce tutar iska, wani dogon buhu ruwan lemo da ke rataye a kan sanda. Ranar a sake take, ko motsi ba ta yi.

Aka ba mu izini ta rediyo. Na yi bisimilla na tura totur har ƙarshe. Jirgin ya fara tafiya, amma ba tafiyar da na sani ba. In ni kaɗai ne yakan zabura, yau kuwa jan jiki yake kamar motar da aka manta ba a sake mata burkin hannu ba. Allura tana hawa a hankali. Na kasa kunne ga injin. Na ji kamar ya ɗan yi tari, ko kuwa kunnena ne? Robar da na ɗaura ce ta saki? Gumi ya shiga idona. Ta gefe ina ganin yatsun Baba suna jan carbi da sauri.

Tutar ta taho. Allura ba ta kai ba, saura kaɗan. Zuciyata ta ce kaɗan ne, bar shi, zai ɗaga, mutane suna kallo, ’yarsa tana kallo, za a ce ka kawo dattijo cikin rana ka kasa. Bayan ƙarshen titin ba komai sai waya da duwatsu. Tutar ta wuce ta gefen fiffike.

Na janye totur na danna burki da ƙafa biyu. Tayoyi suka yi ƙara, hancin jirgin ya duƙa, bel ya riƙe Baba ya dawo da shi. Muka yi ta tafiya, wayar tana matsowa, har muka tsaya ina iya ganin ledar da ta maƙale a jikinta. Na sanar a rediyo cewa na fasa, na kauce daga titi na kashe injin. Farfela ta yi juyi biyu ta tsaya. Zafi ya rufe mu.

Na ce, “Baba, a gafarce ni. Ba zan iya tashi da ku ba yau.”

“Lalacewa ya yi?”

Ya ba ni ƙofar fita, in na so in ɗora wa injin laifi shi ke nan. Amma mako mai zuwa ’yarsa ce za ta zauna a kujerar nan, kuma zai tafi da abin da na gaya masa. Na kalli gwiwoyina na ce ban tabbata ba ko gyarana ne, sai an buɗe an duba. Abin da na tabbata shi ne mun yi wa jirgin yawa, rana kuma ta yi. Na ce tun a gida ya kamata in tambaye su kilo nawa ne su, kunya ta hana ni.

Sai ya faɗi lambar, ya ce an auna shi a asibiti kafin tafiya Umara. Ta zarce kirdadona da nisa. Da na bar jirgin ya ci gaba, ban san inda za mu tsaya ba.

A karo na farko na ɗago na dube shi. Fuskarsa ta yi sharkaf da gumi.

“Injiniya, ni ko babban jirgi ba na iya runtsawa a cikinsa,” ya ce. “Yarinyar nan ta gaya mini ita za ka ɗauka mako mai zuwa. Na ce to, in zai faɗo, ya faɗo da tsoho.”

Maiɗakina ta riga ta taho da gudu-gudu, mayafi a hannu, tana tambaya tun daga nesa me ya faru. Na buɗe murfin jirgin, iska mai zafi ta shigo. Baba ya jira har ta iso gindin fiffike.

“Ba komai,” ya ce mata. “Ranar da ya ce ki hau, ki hau. Ranar da ya ce ki sauka, ki sauka, kada ki tambaye shi dalili.”

Ya kai hannu zai kwance bel, yatsunsa suka kasa kama ƙarfen. Ya gwada, ya sake gwadawa. Na sunkuya na kwance masa, na zaro rigar daga inda na cusa ta, ta jiƙe jagab har bakin aiki.